Sakatar Fistan: Tarihin Ɗan Ƙarfen da Rayuwar Injin Turbo Ta Rataya a Kansa

A cikin kusan kowane injin mota akwai wata 'yar gajeriyar sandar ƙarfe mai rami a tsakiya, kaurinta kamar na babban yatsa, tsawonta kuma bai fi na ɗan yatsa ba. Ita ce ke haɗa fistan da konrod, wato hannun ƙarfen da ke kai ƙarfin ƙonewar mai zuwa ga karanshaf. Tana ratsa fistan daga wannan gefe zuwa wancan kamar yadda sakata ke ratsa ƙofa, don haka a wannan rubutu za mu kira ta sakatar fistan.

Aikinta ɗaukar nauyi ne daga sama zuwa ƙasa, amma haɗarinta yana gefe. Tsakanin bakinta da bangon silinda 'yan milimita kaɗan ne. Idan ta zame ta taɓa bangon, da yake ƙarfenta ya fi na bangon tauri, sai ta yi masa kunya kamar garma a gona, ta tsaga shi daga sama har ƙasa. Daga nan inji zai fara shan baƙin mai, ƙarfinsa ya zube, wani lokacin ma gangar jikinsa ta tashi daga aiki gaba ɗaya. Fiye da shekara 100 ke nan injiniyoyi na neman amsar tambaya guda: me zai hana wannan sanda zamewa? Amsoshi huɗu suka bari, wato ɗaurewa da noti, matsewa da zafi, kullewa da zobe, da kuma toshe bakin rami. Duk wanda ya kwance injin turbo a yau domin sake gina shi, cikin waɗannan huɗun zai zaɓa, kuma tarihin kowacce shi ke nuna inda take da amfani da inda take cin amana.

Zamanin noti

Amsar farko ita ce wadda hankalin kowane maƙeri zai fara kaiwa gare ta: abin da ake gudun ya motsa, a ɗaure shi. A injin Ford Model T, motar da aka ƙera sama da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, an tsaga ƙaramin kan konrod, aka ratsa shi da noti. Idan aka ɗaure notin sai kan ya cije sakatar, ta zama kamar wani sashe na konrod ɗin, tana lilo a cikin fistan kaɗai. Dabarar ta dace da zamaninta. Ƙarfin injin bai wuce na doki 20 ba, fistan na zubin ƙarfe ne, juyinsa kuma bai kai 2,000 a minti ba. Makanikin ƙauye da sifana ɗaya zai iya kwancewa ya mayar.

Hanyar ta yi tsawon rai. Motar Mini da ta fito a Ingila a 1959 da injin sisi 848 da irin wannan ɗaurin ta zo. Sai dai tana da aibi biyu da suka riƙa bayyana yayin da injuna ke ƙara gudu. Tsagar da aka yi wa konrod ta raunana shi a daidai wurin da ya fi shan wahala, sannan notin ya ƙara nauyi a kan sashen da ke kai-da-komo. Da kamfanin ya zo yin manyan injunan wannan dangi masu gudu, sai ya bar notin ya koma ga zobe da matsi. A yau babu mai gina injin turbo a kan wannan tsari.

Alminiyam ya sauya lissafi

Abin da ya tilasta neman sabuwar dabara shi ne sauyin ƙarfen da ake yin fistan da shi. A 1913 W. O. Bentley, wanda daga baya ya kafa kamfanin motocin Bentley, ya gwada fistan na alminiyam a motocin DFP na Faransa da yake dillancinsu a Ingila, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kai dabarar ga injunan jiragen sama. A Jamus, masana'antar da ta zama Mahle ta soma aiki a Stuttgart a 1920, ta shahara da fistan mara nauyi. Alminiyam ya rage nauyi, ya kuma fi saurin fitar da zafi, amma idan ya ɗumama yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke yi. Ramin da ya riƙe sakata tsam da sanyin safiya zai sake ta idan inji ya yi zafi.

Maimakon a yi ta faɗa da wannan hali, sai injiniyoyi suka ƙyale sakatar ta yi yawo. Aka sa bushin na tagulla a ƙaramin kan konrod, aka bar 'yar tazara wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, domin baƙin mai ya shiga. Sakata ta samu damar juyawa a cikin konrod da cikin fistan duka biyun, don haka cin da take yi ya bazu ko'ina a jikinta maimakon ya taru wuri ɗaya. Wannan shi ne tsarin sakata mai yawo. Amma abin da aka sake dole a yi masa shinge.

Shingen da ya fi shahara daga Frankfurt ya fito. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Seeger ya yi rajistar wani zobe na ƙarfe mai tsalle, buɗaɗɗe a gefe ɗaya, da 'yan kunnuwa biyu masu huda inda filaya ke kamawa. Ana matse shi, a shigar da shi ramin fistan, a sake shi ya faɗa cikin wani kwarmi da aka zana masa. Har yau a Jamus da ƙasashe da dama sunan kamfanin ake kiran zoben da shi, kuma ma'aunansa sun shiga ƙa'idojin masana'antun Jamus masu lamba DIN 471 da DIN 472. A Amurka kamfanin Waldes Kohinoor na New York ya yaɗa irinsa da sunan Truarc.

Masu ƙera injunan jiragen sama sun bi wata hanyar. A yawancin injunan Lycoming da Continental na ƙananan jirage, toshe ake sa wa bakin sakata, na alminiyam ko tagulla mai laushi. Idan sakata ta zame, toshen ne zai gogi bangon silinda, kuma da yake ya fi bangon laushi, shi zai ci. Hikimar ita ce babu zoben da zai fice a sararin sama. Kuɗin da ake biya kuwa shi ne sa ido, domin makanikan jirage na yanka matatar mai su duba ko ɓurɓushin toshen ya fara taruwa.

Detroit da dabarar matsi

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, damuwar manyan kamfanonin Amurka ta koma kan yawa da araha. Injin mai silinda takwas mai sakata mai yawo yana buƙatar bushin takwas, zobba 16, da kwarmi 16 da za a zana daidai, kuma kowane zobe dama ce ta kuskuren ma'aikaci. Sai suka koma ga riƙe sakata a konrod kamar zamanin Model T, amma ba tare da noti ba. Ana yin ramin konrod ya gaza kaurin sakatar da kimanin milimita 0.02 zuwa 0.04. A ɗumama kan konrod zuwa sama da digiri 200 a ma'aunin Salsiyas har ramin ya buɗe, a zura sakata mai sanyi cikin 'yan daƙiƙu, ƙarfe ya huce ya cije ta cizon da sai injin matsi mai ƙarfin tan da dama zai raba su.

Ƙaramin injin V8 na Chevrolet da ya fito a 1955 da wannan tsari ya zo, kuma an ƙera danginsa miliyoyi barkatai. Babu zoben da zai fice, babu bushin da zai ci. Rauninsa a wajen gyara yake. Fitar da sakata da matsi yakan lalata fistan. Mayar da ita kuma na buƙatar zafi daidai gwargwado, domin wanda ya ɗora wutar walda a kan konrod har ya yi shuɗi ya riga ya taɓa ƙarfin ƙarfen, ko da ido bai gani ba. Kuma duk fitarwa da mayarwa na iya rage cizon.

Zuwa shekarun 1960, ke nan, duniya ta rabu gida biyu. Masu ƙera motar talaka da yawa sun karkata ga matsi, masu tsere da injunan dizal da yawancin injuna masu gudu sun riƙe zobe. A kan wannan rabuwa turbo ya iso.

Shigowar turbo

Tunanin turbo ya girmi Model T. Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi rajistarsa a 1905: a yi amfani da hayaƙin da inji ke fitarwa a juya farfela, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin silinda. A 1918 Sanford Moss na kamfanin General Electric ya hau da injin jirgi samfurin Liberty kan dutsen Pikes Peak, mai tsayin kimanin mita 4,300, ya nuna cewa turbo na mayar wa inji ƙarfin da ƙarancin iska ke ƙwace masa. Jiragen sama da jiragen ruwa da manyan motocin dizal suka fara cin moriyarsa. Motar gida sai a 1962, lokacin da General Motors ya fitar da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair Monza Spyder.

Labarin Jetfire ya nuna abin da turbo ke yi wa cikin inji. Matsin silindarta ya yi yawa, har sai da aka haɗa mata tankin wani ruwa, gaurayen ruwa da sinadarin metanol, domin hana mai fashewa kafin lokacinsa. Masu motar suka riƙa mantawa da cika tankin. Cikin shekara biyu ba a sayar da 10,000 ba, aka daina yin ta. BMW 2002 Turbo ta zo a 1973, Porsche 911 Turbo ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1970, sai Saab 99 Turbo a ƙarshensu. A gasar Formula One, Renault ya shigo da turbo a 1977, motar tana yawan tsayawa tana tuƙa hayaƙi har Turawan Ingila suka yi mata laƙabi da butar shayi mai ruwan ɗorawa. A 1979 Jean-Pierre Jabouille ya ci gasar Faransa da ita a Dijon. A 1983 Nelson Piquet ya zama zakaran duniya da injin BMW mai lita ɗaya da rabi, wanda daga baya ya haura ƙarfin doki 1,000 a zagayen neman gurbi.

Domin mai karatu ya ga abin da wannan ke nufi ga sakata, bari mu yi ɗan lissafi da injin Toyota 2JZ-GTE, wanda ya shahara a motar Supra ta 1993. Faɗin fistansa milimita 86 ne, wato fuskar da ke karɓar matsi ta kai kimanin murabba'in santimita 58. Idan matsin ƙonewa ya kai ba 60, nauyin da ke sauka a kan fistan ya kai tan uku da rabi. Idan turbo ya ɗaga shi zuwa ba 100, nauyin ya kusa tan shida. Duk wannan ta kan sanda mai kaurin milimita 22 yake bi. A juyi 6,000 a minti kuma, fistan na tsayawa ya sauya alkibla sau 200 a kowace daƙiƙa, kuma a ƙololuwar tafiyarsa fizgar da yake sha ta haura ninki 2,000 na nauyinsa. Zoben da nauyinsa giram ɗaya ne, a wannan lokaci jansa ya fi na kilo biyu.

Me ke tura sakata gefe?

A nan ne darasin da masu tsere suka koya da tsada yake. A injin da komai nasa ke miƙe, babu wani ƙarfi na a-zo-a-gani da ke tura sakata gefe. Nauyin ƙonewa daga sama yake zuwa, zobe kuma ba ya ɗaukar ko kaɗan daga cikinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Konrod da ya ɗan lanƙwashe ko ya murɗe zai riƙa tunkuɗa sakata gefe ɗaya a kowane juyi. Haka silindar da aka gyara a karkace, haka karanshaf mai wasa gaba da baya fiye da kima. Turbo ya ƙara wasu biyu a kan waɗannan. Ƙarƙashin tan shida, sakata mai siririn bango takan lanƙwasa kamar baka, ta kuma ɗan baje, kuma wannan motsi yana dukan zobe yana cin kwarminsa. Fashewar mai kafin lokaci, wadda ake ji kamar ƙwanƙwasa a cikin inji, tana sauka kamar guduma, ta ninka dukan. Shi ya sa a farkon shekarun 1980 Saab ya fito da na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasar ta rage matsin turbo da kanta.

Amsar masu tsere ta zo ta fuska biyu. Suka ƙara wa sakata kaurin bango domin ta daina lanƙwasa, ko da hakan ya ƙara nauyi. Suka kuma sake duba zoben. Kunnuwan zoben Seeger, waɗanda suka sauƙaƙa sa shi da cire shi, su ne nauyin da fizga ke kamawa, kuma nan yake yawan karyewa. Daga nan zobba biyu suka yi fice. Na farko shi ne Spirolox, wanda a yau kamfanin Smalley na jihar Illinois ke yi: siririn ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe da aka naɗe zagaye biyu, ba shi da kunne, ba shi da giɓi, ana murɗa shi cikin kwarmi kamar zoben makulli. Sau da yawa biyu ake sa wa a kowane gefe. Yana da wuyar ficewa, kuma makanikai sun san shi da yanka yatsa da wuyar cirewa. Na biyu zoben waya ne mai zagayayyen jiki, wanda ke aiki tare da sakatar da aka dashe wa baki a karkace. Idan sakata ta tunkuɗe shi, karkataccen bakin nata ƙara cusa shi cikin kwarmi yake yi. Wato ƙarfin da ke neman fitar da shi shi ke ƙara kulle shi. Wannan ne ya sa ya zama ruwan dare a fistan na tsere na zamani.

Dabarar toshe ta jiragen sama ma ta dawo da sabuwar riga. Sinadarin Teflon, wanda Roy Plunkett ya gano a kamfanin DuPont a 1938, yana da santsi kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 327. Masu ƙara wa Volkswagen Beetle ƙarfi da masu tseren ɗan gajeren zango sun rungumi toshen Teflon domin ba shi da kwarmin da zai ci. Sai dai yana gogar bangon silinda muddin inji na aiki, yana iya riƙe ƙura da ɓurɓushin ƙarfe ya zama kamar sanfefa, kuma bai dace da fistan mai yankakken gefe ba. Ya fi kyau ga injin da ake kwancewa a kai a kai fiye da motar da ake son ta yi shekaru a hanya.

Da wannan tarihi mutum zai zaci turbo ya kashe tsarin matsi. Bai kashe shi ba. Buick Grand National ta shekarun 1980, wadda ta kasance cikin motocin Amurka mafi gudu a zamaninta, da sakata matsattsiya ta fito daga masana'anta. Injunan LS na farko na General Motors, daga 1997, su ma haka suke, kuma masu ɗora musu turbo sun fitar da ƙarfi mai yawa daga cikinsu kafin kamfanin ya koma ga sakata mai yawo a wajen 2005. A ɗaya ɓangaren, 2JZ-GTE da zobe ya zo, littafin gyaransa ma ya ce a ɗumama fistan zuwa kimanin digiri 80 sannan a tura sakata da babban yatsa. Injunan EJ na Subaru kuwa tsarin gininsu ne ya wajabta zobe, domin ta wasu ƙananan ramuka a gangar inji ake zura filaya a ciro zoben da sakata kafin a raba injin gida biyu. Kowane tsari ya ɗauki turbo idan an yi shi bisa ƙa'ida.

Abin da mai gyara ya gada

Wannan batu ya daina zama na 'yan tsere kaɗai. Tun wajen 2010 kamfanoni suka karkata ga ƙananan injuna masu turbo domin rage shan mai. Ford ya fito da EcoBoost a 2009, Honda Accord ta 2018 ta ajiye injin V6 ta ɗauki turbo, motocin Hilux na dizal kuwa sun daɗe da shi. Irin waɗannan motoci ne ke shigowa ƙasashenmu a matsayin na hannu, kuma idan injinsu ya gaji, kayan gyaransu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ake nema. Mai motar da ya san tarihin nan zai iya yi wa makanikinsa tambayoyin da suka dace.

Abu na farko da tarihin ya koyar shi ne cewa fistan da konrod su ke yin zaɓin, ba ra'ayin mai gyara ba. Konrod mara bushin da aka yi domin matsi ba zai zama mai yawo ba sai an kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe sun sa masa bushin sun buɗe masa hanyar mai, fistan kuma sai yana da kwarmi. Idan gyara ne na mayar da mota yadda take, bin tsarin masana'anta ya fi aminci. Idan kuwa za a ƙara matsin turbo a sa fistan na musamman, kusan dukkansu da sakata mai yawo suke zuwa, domin ana sa ran za a riƙa kwance injin ana dubawa.

Na biyu, kowane zobe da kwarminsa. Zoben waya na son zagayayyen kwarmi da sakata mai dasasshen baki. Spirolox da zobe mai kunne na son kwarmi mai kusurwa da sakata mai miƙaƙƙen baki. Wanda ya musanya su don faɗinsu ɗaya ne ya ɗaura wa injinsa ajali. Zoben da ya zo cikin kwalin fistan shi ne nasa.

Na uku, zoben da aka cire ya gama aikinsa. Matsewar da aka yi masa wajen cirewa ta rage tsallensa, kuma farashin sabo bai kai na baƙin man da za a zuba a injin ba. Wajen sa sabon, ba a matse shi fiye da abin da zai shigar da shi. Giɓinsa ya kalli sama ko ƙasa, bisa layin tafiyar fistan, domin idan ya kalli gefe fizgar nan ta ninki 2,000 na iya matse shi ta ɗago shi daga kwarmi. Zobe mai kunne yana da fuska mai kaifi da mai laushi, kuma mai kaifin ce ke kallon waje, inda za ta cije bakin kwarmi.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, idan an buɗe inji aka tarar zobe ya fice, zoben shaida ne, mai laifin yana wani wuri. A auna miƙewar konrod, a duba wasan karanshaf, a nemi alamar ƙwanƙwasa a fuskar fistan, a binciki ingancin man da motar ke sha. Sa sabon zobe a kan lanƙwasasshen konrod jinkirta ɓarna ce kawai.

A 'yan shekarun nan wasu kamfanoni sun fara shafa wa sakata wani siririn rufi na kabon mai tauri da santsi, wanda ke ba ta damar yawo a cikin konrod ba tare da bushin tagulla ba. Bushin ya fara ja da baya, kamar yadda notin Model T ya ja. Zoben kuwa yana nan a bakin ramin, giram ɗaya ko biyu, yana gadin injin da kuɗinsa ya kai miliyoyin naira. Komai ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.